Tsamiyar Cikin Katanga

A makon da muka koma makaranta bayan dogon hutu na lura ƙawata ta daina cin tumu. Akwai wata tsohuwa da ke zama a bakin ƙofar makarantarmu da kaskon garwashi, tana gasa masara da zangarniyar sabon gero. A shekarun baya ƙawata ce ke fara isa wurinta in an tashi tara. Takan murje tumun a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba mini rabi. Wannan karon ni na saya na miƙa mata, sai ta mayar da hannunta cikin hijabi ta ce ta ƙoshi. Leɓenta a bushe yake. Na kuma ga ta ɗaure ƙugun siket ɗinta da zaren buhu don kada ya zame.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in malami ya nuna ni, muryata maƙalewa take yi. Don haka ban tambaye ta a gaban mutane ba, na bari sai da muka kama hanyar gida.

Garinmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, gonaki ne suka kewaye shi ta ko'ina. Gidan su ƙawata yana bayan gari, a unguwar Maguzawa, 'yan gidaje ne a tsakiyar dawa da auduga. Su ba Musulmi ba ne, ba kuma Kirista ba, addinin kakanninsu suke bi. Hijabi tana sawa ne don yana cikin kayan makaranta. In an shiga darasin addini takan koma bencin baya ta yi ta feƙe fensirinta, babu mai ce mata komai. Kakanta shi ne babban gidansu, kowa a garin Sarkin Noma yake ce masa.

"Ba mu ci sabo ba tukuna," in ji ta, da muka wuce injin niƙa.

"Ai gero ya daɗe da nuna."

"Ya nuna. Ba a kai wa tsamiya ba ne."

Ta yi mini bayani a hankali, idonta a kan hanya. A gidansu ba a yanka sabon hatsi, ba a kuma kai shi baki, sai Sarkin Noma ya karyo zangarkun farko ya kai gindin wata tsamiya, ya zuba abin da ake zubawa, ya gode wa Uwar Gona, iskar da suka yarda ita ke ba da amfanin gona. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Kuma ba kowace tsamiya ba, ita wannan ɗin dai.

Na san tsamiyar. Tana kusurwar makarantarmu ta gabas, bayan ajin 'yan shekarar farko. Da can babu shinge, filin makaranta ya haɗe da gonar Sarkin Noma, ba wanda ya damu da inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, ana jin labarin ɗauke ɗalibai a wasu garuruwa, sai iyaye suka dage a kewaye mu. A cikin hutun nan aka gama katangar, doguwa, da fasassun kwalabe a kanta. Magina sun ja igiyarsu a miƙe, tsamiya ta faɗo ciki. Da gero ya nuna Sarkin Noma ya je, maigadi ya ce ba shi da ikon buɗe wa kowa, a jira Hajiya shugabar makaranta ta dawo daga hutu. Suka jira. Tsohon hatsin rumbu ya ƙare, suka koma tafasa da rama da ɗan abin da ya samu.

A kwanakin nan kuma babu abin da ake yi a rediyo sai maganar wani kudirin doka da ke gaban majalisar tarayya. Yadda na fahimta, so ake a hana tsangwamar mutum saboda addininsa: kada a kori ɗaliba don ta sa hijabi, kada a hana wani aiki ko ibada don abin da ya yi imani da shi. Babanmu yana sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Funtua, kuma zaurenmu ba ya rabo da baƙi. In na kai musu ruwa nakan ji suna yabon kudirin, suna ba da labarin 'yan matan da aka tsayar a ƙofar makaranta a Kudu saboda hijabi. A rediyon kuma akwai masu cewa ba su yarda ba, za a shiga makarantun coci ne da shi. Kowa da abin da yake tsoro.

Malaminmu na darasin zaman ƙasa ya kawo maganar aji. Wata mai baki a cikinmu ta ce, "Malam, ke nan yanzu duk inda na je da hijabina babu mai taɓa ni?"

"Ki bi a hankali," in ji shi. "Kudiri ne tukuna, bai zama doka ba. Sai sun gama muhawara, ɗaya majalisar ta yarda, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Wani kudirin yakan mutu a hanya."

Na saci kallon ƙawata. Ta daina feƙe fensiri, tana sauraro da baki a ɗan buɗe. A hanyar gida ta ce mini kakanta ma ya ji labarin, rediyonsa ba ya sauka daga wuyansa ko a gona. Ya ce gwamnati ta yi magana, an daina hana kowa ibadarsa.

"Ba ki gaya masa abin da Malam ya ce ba?" na tambaye ta washegari.

"Na gaya masa. Ya ce malaminmu ya fi rediyo sani ne?"

Da safiyar wata Litinin muna tsaye a layi a filin taro, sai na hango Sarkin Noma ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Ya sa farar taguwarsa ta zuwa kasuwa, ya aske gemu. A hannun dama zangarkun gero ne ɗaure da kaba, a hagu 'yar gora mai toshiyar totuwa, rediyo na lilo a ƙirjinsa. Ƙawata ta kama gefen hijabina ta matse.

Hajiya ta bar mu a tsaye ta nufi ƙofa. Layinmu ne mafi kusa, don haka na ji komai.

"Sannu da zuwa, Baba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hajiya. An dawo lafiya? Wurin tsamiya na zo. Ba zan daɗe ba, kafin yaran nan su gama waƙarsu na fito."

"Mene ne a gorar?"

"Abin da aka saba zuba mata."

Maigadi ya matso ya ce, "Giya ce, Hajiya. Tun daga nan ake jin warinta."

Sarkin Noma ya dube shi sama da ƙasa. "Kai dai hancinka bai manta ba."

Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale, malama ta daka musu harara suka yi tsit. Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. 'Ya'yan mutane ne a hannuna. In na buɗe maka ka shiga da wannan, gobe rabin iyayen nan za su kwashe 'ya'yansu. Da kyar muka samu suka dawo da su."

Ya ɗago rediyon da bayan hannunsa, don hannuwan duka a cike suke. "A nan na ji. Gwamnati ta ce kada a hana kowa ibadarsa. Ba sau ɗaya suka faɗa ba."

"Ba a yi dokar ba tukuna, Baba. Magana ake yi."

"To mai magana a rediyo ba gwamnati ba ce?"

"'Yan majalisa ne ke gardama."

"Gardama," ya maimaita. Ya dubi rediyon kamar wani ɗansa ne ya ba shi kunya a gaban baƙi. "Hajiya, iyalina ba su ci sabo ba. Ga jikata can cikin layi, ki dube ta."

Kawuna suka juyo wajenmu.  Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana.

A daidai lokacin wata yarinya a layin 'yan shekarar farko ta ƙwalla ƙara ta zube ƙasa tana birgima. Kafin a kai gare ta wata ma ta faɗi. Wannan ba sabon abu ba ne a makarantarmu, akan yi shi in rana ta yi zafi ko jarrabawa ta matso, a ce aljanu ne, a yi musu addu'a su tashi. Amma ranar nan akwai tsoho a ƙofa da gora a hannu. Layuka suka watse. Na ji ana cewa, "Shi ne ya turo su." Wata ta ce ai ajinsu ne ke kusa da tsamiyar.

Ba a jima ba 'yan sa-kai biyu suka iso a kan babur, da bindigoginsu na gargajiya a rataye. Su ne matasan gari da ke tsaron mu daga 'yan bindiga. Babbansu ya ce wa Sarkin Noma ya bar wurin, kuma daga yau duk wanda aka gani yana raɓar katangar makaranta, ko wane ne, kada ya zargi kowa. Ƙaramin ya ɗan ture shi da kafaɗa. Zangarniya ɗaya ta zame daga ɗaurin ta faɗi. Tsohon ya dube ta, amma babu hannun ɗauka. Ya juya ya tafi. Kafin a tashi tara kajin maigadi sun tsattsage ta, sai sanda.

Daga ranar maganar ta bar kudiri ta koma tsamiya. A bakin rijiya, a wurin niƙa, a zaurenmu, cewa ake a sare ta kowa ya huta. Aka ce iyaye za su zauna da Hajiya, an ma yi wa mai injin yankan itace magana daga Malumfashi. A aji 'yan mata suka ja bencinsu nesa da namu. Ƙawata ba ta fasa zuwa ba, amma ta daina ɗaga kai. Ta ce mini tsuntsaye sun sauka a geronsu, wani geron kuma ya fara kwanciya saboda ruwa. Ƙannen babanta sun ce su za su yanka ko an kai wa tsamiya ko ba a kai ba, kakanta ya ce wanda ya sa lauje ya nemi wani gidan.

Wata rana da la'asar Sarkin Noma ya yi sallama a zaurenmu. Tsakaninsu da Babanmu tsohuwar amana ce, don uban Sarkin Noma ne ya yanka wa kakana gonar da muke nomawa lokacin da ya zo garin baƙo. Mama ta ba ni ruwa na kai. Da ya gan ni fuskarsa ta ɗan saki.

"Amarya, har yanzu ba ki koyi gaida miji da ƙarfi ba?" Haka yake tsokanata tun ina ƙarama, kamar yadda yake tsokanar jikokinsa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwanon, na koma bayan ƙyaure na tsaya. Ba a kore ni ba, ina jin an manta da ni ne.

"Malam," ya ce wa Babanmu, "kai kana shiga birni. Gaya mini gaskiya. Dokar nan an yi ta ko ba a yi ba?"

"Ba a yi ba, Baba."

"Yaushe za a yi?"

"Allah kaɗai ya sani. Wataƙila baɗi. Wataƙila ba za a yi ba."

Ya juya kwanon ruwan a hannunsa. "To in an yi, da mu a ciki?"

Ya ajiye kwanon ya ci gaba.

"Don na kasa kunne sosai. Na ji masallaci, na ji coci. Na ji hijabi har na gaji. Ban ji wanda ya ce tsamiya ba."

"Sun ce kowane addini."

"Kai da bakinka, namu addini kake ce masa?"

Babanmu ya gyara zama. "Baba, ka san ba zan ce maka abin da kake yi daidai ne ba. Ka san abin da na yi imani da shi."

"Ban zo don ka ce ba. Ubanka ma bai taɓa cewa ba, kuma mun rabu lafiya."

Babanmu ya ce akwai tsohuwar dawa a ɗaki, zai sa a kai musu buhu. Sarkin Noma ya yi godiya ya karɓa, don tsohon hatsi ba a hana su ba. "Wannan zai riƙe yara," in ji shi. "Na gona fa? Ina tsaye ina kallo tsuntsu na ci, ni mai shi ban isa in taɓa ba." Da zai tafi ya cire rediyon daga wuyansa ya riƙe shi a hannu, a kashe.

A makarantarmu kowace ɗaliba da inda take sharewa da safe. Nawa rabon shi ne bayan tsamiyar, tsakaninta da katanga, wurin da ba mai so saboda ganyenta ƙanana ne, ba sa bin tsintsiya. Tun ranar da yaran suka faɗi sauran masu sharar kusurwar suka gudu, ni kuwa kunyar zuwa in ce a canza mini ta fi tsoron yawa. A nan magina suka bar kafar ruwa a gindin katanga, faɗinta bai fi a zura kwano ba. Kullum tsintsiyata takan sarƙe da wani abu a bakin kafar. Na daɗe ina ɗauka dutse ne. Da ruwan sama ya wanke ƙasar sai na ga saiwa ce, kauri kamar hannun babba, ta taso daga gindin tsamiyar ta bi ta cikin kafar ta fice. Da na kwantar da kai na leƙa, na hango ta a waje, ta yi doro a gefen kunyar gonar Sarkin Noma kafin ta nutse.

Na yi kwanaki da abin a bakina. Ina tsoron ya zama maganar banza, ina kuma tsoron ya zama na sa hannu a abin da addinina ya hana. Ranar da na ji an ce mai injin zai zo mako mai zuwa, na ja ƙawata da safe na nuna mata. Na ɗora bakin tsintsiya a kan saiwar kawai. Ta durƙusa ta leƙa, ta daɗe a haka.

Kwana biyu bayan nan, da ƙawata ta kai masa labari, Sarkin Noma ya sake zuwa zaurenmu. Da na kai ruwa ya ce, "Amarya, ke ce kike so mijinki ya durƙusa a kafar ruwa kamar kwaɗo?" Bai yi murmushi ba, ni ma ban san inda zan sa fuskata ba. Ya juya ga Babanmu ya ce shi kam ya riga ya je ya ga saiwar daga nesa. Jikin tsamiyar ne, babu shakka. Ubansa bai taɓa yi a saiwa ba, bai kuma san ko za a karɓa ba, amma ba shi da wata hanya. Gobe da asuba zai je, kafin mutane su fito.

"Da asuba za su harbe ka," in ji Babanmu. "Ka ji abin da suka ce. Mutum a tsugune a gindin katangar 'yan mata, cikin duhu-duhu, ba wanda zai tsaya tambaya."

"Gonata ce."

"Gonarka ce. Ka bari rana ta fito, lokacin da hanya ta cika da masu tafiya gona. Zan zo in tsaya."

Da tsohon ya tafi, Mama ta tare Babanmu a tsakar gida. Ta yi ƙasa da murya, amma ina wanke-wanke a kusa. "Malam, ka san abin da za a ce. Za a ce ka raka mai tsafi wurin tsafinsa. Da wane ido za ka shiga masallaci?"

"Ba taya shi zan yi ba."

"Mutane ba za su bambance ba."

"In aka harbe shi a gonar da ke maƙwabtaka da wadda ubansa ya ba mu, ni zan bambance," in ji shi, ya ɗauki buta.

Washegari na isa makaranta da wuri. Ƙawata ta bar nata wurin sharar ta biyo ni kusurwa. Muna shara muna kasa kunne. Can muka ji ƙarar babur ɗin Babanmu, na san shi da tarin da yake yi kafin ya mutu. Sai takun ƙafa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hasken da ke shigowa ta kafar ruwan ya dushe.

Na sunkuya kamar ina tsince ganye. Abin da na gani kaɗan ne: gwiwoyi biyu a cikin laka, gefen farar taguwa, da hannuwa masu jijiyoyi suna jera zangarku a kan saiwar ɗaya bayan ɗaya, kawunansu na duban katanga. Yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji kalmomin ba, ban kuma so in ji ba. Na miƙe na ci gaba da shara a wurin da na riga na share.

Sai ga ƙarar wani babur daga wajen hanya. Ya rage gudu, ya tsaya. Ƙawata ta saki tsintsiyarta.

"Malam, barka da safiya. Me ake yi a nan?" Muryar babban 'yan sa-kan ce.

"Barka kadai. Tsoho ne a gonarsa."

"Mun ce kada a raɓi katanga."

"Kun ce. Shi ya sa na zo da kaina, don ku ga da wanda yake."

"Hajiya ta hana wannan abin."

"Ta hana a ciki. Nan waje ne."

Na ji ƙarar ƙarfe, kamar an sauke bindiga daga kafaɗa, ko an gyara mata zama, ban sani ba. Muryar Sarkin Noma ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba.

Ƙaramin ya ce, "Kai da kake sahun gaba, Malam? Kai ne mai gadin giya yau?"

"Ka ga inda fuskata take kallo. Hanya nake kallo, ba shi ba."

"In wata yarinya ta sake faɗuwa fa?"

"Ɗiyata tana cikin makarantar nan. In an faɗi, ku zo gidana, kun san ƙofar."

Na ji an zare toshiyar gora. Warin ya shigo ta kafar, mai tsami, kamar kunun da ya kwana. Ruwan bai shigo ba, don kafar waje take gangarawa. Daga nesa na hango wata shugabar ɗalibai tana zagayen duba shara, ta nufo mu. Ban san lokacin da na matsa na tsaya a gaban kafar ba, ƙawata ta tsaya kusa da ni, muka haɗa hijabanmu. Na shiga kaɗa tsintsiya da ƙarfi har ƙura ta tashi. Ta tsaya daga nesa ta toshe hanci, ta ce mu yi sauri an kusa kaɗa ƙararrawa. Ba ta ƙaraso ba. Babu mai son ƙarasowa kusurwar nan.

A waje babban ya ce, "A gama a tashi. Kada mu dawo mu tarar da kowa." Babur ɗinsu ya tashi. Jim kaɗan haske ya dawo cikin kafar.

A filin taro ban ji ko kalma ɗaya daga abin da Hajiya ta faɗa ba. Idona yana kan layin 'yan shekarar farko. Akwai wata 'yar siririya a gaba da ke ta lumshe ido tana tangaɗi, na yi ta addu'a a zuciyata kada ta faɗi. Ta yi hamma, ta murje ido, ta tsaya daram. Aka sallame mu muka shiga aji.

Da yamma Babanmu ya dawo daga masallaci da wuri, bai tsaya hira ba. An ɗauki makonni zaurenmu babu baƙi kamar da, Mama kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Mai injin ya zo ya zagaya tsamiyar, ya ce duk ta inda ta faɗi sai ta rushe katanga ko rufin aji, sai dai a bari zuwa rani a bi ta reshe-reshe. Aka bar maganar a nan, ba a kashe ta ba. Kudirin ma rediyo ya yi ta ambatonsa yana raguwa, har wasu labarai suka danne shi.

Washegarin ranar da aka je saiwa, da aka tashi tara, ƙawata ba ta nufi wurin tsohuwa mai kasko ba. Ta ja ni bayan aji ta zaro tumu biyu daga jakarta, naɗe a ganyen masara, da sauran ɗuminsu. Na gonarsu ne. Gefe ɗaya duk tsuntsu ya cinye, sai ramukan da ƙwayoyin suka bari.

"Jiya aka fara yanka," in ji ta. "Kusan rabi ya tafi."

"Me kakanki ya ce?"

"Ya ce bana dai an karɓa, yana jin haka a jikinsa. Baɗi bai sani ba." Ta murje tumun a tafin hannu ta hure. "Ya ce in tambayi amaryarsa, tunda ku ne masu malami, wai in an sa wa dokar hannu ki aiko masa. Ya ce shi ya daina yarda da rediyo."

Ta zuba mini rabi. Nata rabin ta watsa a baki gaba ɗaya, tana taunawa da sauri, har ta ƙware. Na bubbuga mata baya, idona a kan kusurwar gabas, inda maigadi ya tsaya da hannuwa a baya yana duban kafar ruwan.